Askin Tsohuwa

Injiniya yana tsugune a tsakar gida yana dirje hannu da sabulu da yashi sai ya ji mota ta tashi a bayan katanga. Ya tsaya cak, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Muryar Tsohuwa ce, motar maƙwabcinsa Dogo, ko cikin barci ya ji ta zai gane. Amma ba haka ya san muryar ba. Ta yi kaifi, ta yi tsaf, kamar ta wanda ya tashi daga doguwar jinya.

"An dawo da ita ke nan," in ji matarsa daga ƙofar kicin.

"Wa ya tambaye ki?"

"Kunnuwanka. Ga su can sun miƙe kamar na zomo."

Ya ɗauraye hannu, ya nufi ƙofar gida wai zai zubar da ruwan, ya leƙa ta inda ƙyauren bai haɗu ba. Motar na tsaye a ƙofar gidan Dogo, bonet a ɗage. Mai Gemu, bakaniken nan da ya buɗe gareji a ƙarshen layi bara, ya dafa gefenta da tafin hannu kamar shi ya haife ta. Dogo kuma an fito masa da kujera, ƙafafunsa kumburarru a kan matashi, 'yarsa Auta na tsaye a bayansa. Dariya yake yi. Rabon Injiniya da ganin haƙoran Dogo tun kafin a kwantar da shi asibiti.

Shi fa ba injiniya ba ne. Bakanike ne da ya tsufa a ƙarƙashin motoci, Dogo ne ya laƙaba masa sunan don tsiya, sunan kuma ya bi shi har jikokinsa ba su san wani ba. Tun kafin a haifi Auta katanga ɗaya ke tsakaninsu. Lokacin da Dogo ke jan babbar mota yana yin sati biyu a hanya, Injiniya ke kai matar Dogo asibiti, shi ke gyara famfon gidan. Da Dogo ya ajiye tuƙi ya sayi ƙaramar motar nan da ya sa wa suna Tsohuwa, babu sifanar da ta taɓa hawa kanta sai ta Injiniya. Ya san kowane noti nata, ya san wanda ya ci zare, ya san wanda sai an lallaɓa.

Abin da ya raba su ƙanƙani ne. A bayan gari akwai wani tudu mai tsawo, wanda a da Tsohuwa ke hawa a giyar ƙarshe ba ta ko haki. Da shekaru suka ja sai an sauko mata giya biyu, tana kuka tana hayaƙi. Bayan an sallamo Dogo daga asibiti, likita ya ce zuciyar ta gaji, sai dai a yi ta lallaɓawa, wata rana da yamma suna shan shayi ya ce, "Injiniya, so nake ka cire kan injin nan ka kai a aske shi."

Injiniya ya gane nufinsa. In aka kankare ƙasan kan injin kaɗan a wurin masu sassaƙa ƙarfe, ɗakin da mai ke ƙonewa sai ya ƙuntata, fistin ya ƙara matse iska da fetur, wutar ta fashe da ƙarfi, mota ta ƙara ja. Ya sani sarai. Amma ya ce, "Ƙarfe ba gashi ba ne, Dogo. In aka aske ba ya tsirowa. Ka ƙara mata matsi ta fara ƙwanƙwasa, ta huda fistin, sannan ka zo kana mini kuka."

"Tudun nan nake so ta hau min sau ɗaya. A giyar ƙarshe."

"Kai da ko dakalin ƙofar gidanka sai an riƙe ka, wane tudu kuma?"

Da wasa ya faɗa. Irin wannan suka saba, sun faɗa wa juna abin da ya fi haka. Amma Dogo bai rama ba. Ya dubi kofinsa kawai, ya juya shi a hannu. Ba a yi kwana nawa ba Injiniya ya ga Auta ta ja motar ta wuce ƙofarsa a hankali, ta nufi ƙarshen layi.

Tun ranar bai sake taka gidan ba.

Yanzu ga ta an dawo da ita, ga Mai Gemu an zuba masa shayi. Injiniya ya ƙura ido ta tsagar ƙyaure. Kofin nan ne mai tsage a baki, wanda babu mai sha da shi sai Injiniya. Kujerar da aka miƙa wa Mai Gemu ma tasa ce, ta roba mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, shi ya ɗaure ta da hannunsa.

"Ka shiga ka gaishe shi mana," in ji matarsa da ya dawo. "Mutum ba lafiya, kai kana leƙe kamar ɓarawon kaji."

"Ai yana da mai gaishe shi."

"Oh, ni 'yasu. Tsoho da furfura yana kishi da sa'an ɗansa."

"Kishi? Da wannan mai gemun akuyar? Ina gyara injin yana wasan ƙasa."

"To ai shi ke nan. Wasan ƙasar ne ya sa ka bar abincinka ya huce."

Washegari da hantsi Auta ta fito da mahaifinta za ta kai shi ganin likita. Layin nasu yana da ɗan hawa kafin a kai titi. Injiniya na zaune a kan bencinsa yana goge wata tsohuwar kafireta da ba ta buƙatar goga. Motar ta wuce, Auta ta taka mata mai a hawan, sai ya ji. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, can ciki, kamar an kaɗa tsakuwa a gwangwani.

Wani daɗi ya tsirga masa tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. Ya ajiye kafiretar ya shiga gida da sauri.

"Kin ji? Kin ji ta?"

"Na ji me?"

"Tana ƙwanƙwasa! Ni na faɗa. Wutar na riga lokacinta. Haka za ta yi ta yi har fistin ya huje."

Matar ta dube shi daga sama har ƙasa. "Shi ne kake murna?"

Murnar ta ɗan yi sanyi, amma ba ta tafi ba. Kullum da safe yana kan benci yana jira, kullum motar ta wuce ta yi masa ƙwas-ƙwas, shi kuma ya gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa takardar yabo. Da yamma kuma sai ta juye masa. Mai Gemu ya rufe gareji ya shigo layin da jakar sifanu, ya shige gidan Dogo ba ko sallama mai ƙarfi, kamar ɗan gida. Ta kan katanga Injiniya na jin labaran da ya haddace, na ranar da burki ya tsinke wa Dogo a gangare, na yaron motarsa da ya kwana a kan buhuna aka tafi da shi wani gari. Labaran nan nasa ne. Shi ya san inda ake dariya, shi ya san inda Dogo ke ƙara gishiri. Yanzu wani ke cewa "Kai, Baba, haba dai!" a wurin da bai dace ba.

Akwai kuma abin da ya sani wanda babu wanda ya sani. Shekarun baya fulin da ke gaban injin Tsohuwa, faifan ƙarfen da bel ke zagayawa, ya tsage, bai sami irinsa ba, ya ɗauko na wani injin ya sa. Ya zauna daidai, sai dai 'yar tsagar da ke jikinsa, wadda ake dubawa a saita lokacin wuta, ba a wurinta take ba. Ƙarya take yi. Shi bai damu ba, da kunne yake saita ta. Amma duk wanda ya bi alamar nan zai ba motar wuta da wuri, ga kuma matsi an ƙara.

Wata rana da azahar inuwa ta faɗo kan bencinsa. Mai Gemu ne, ya cire hula ya rusuna.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yawwa."

"Wurinka na zo. Motar Baba Dogo ce ta ɗaure min kai. Na canja fulogi, na wanke lagireto, na sa an zuba mata mai mai kyau. Na saita lokacin wuta da fitila daidai kan alama, har na ɗan ja baya saboda askin. Amma da ta ga hawa sai ta fara. In na ci gaba da ja baya kuma sai in ga na bar alamar da nisa, tsoro ya kama ni kada in ƙona masa bawul. Na ce kai ka raine ta, ko akwai wani hali nata da ban sani ba."

Maganar na nan a kan harshen Injiniya, gajeriya ce ma, numfashi ɗaya ya isa. Ya dubi hannayen mutumin. Hannaye ne masu kyau, na mai aiki, ba sa rawa. Nasa kuwa tun bara in ya ɗauki ƙaramin noti sai ya dafa gwiwa.

"Kai ka buɗe ta," ya ce. "Kai za ka rufe."

Mai Gemu ya ɗan jima a tsugune, sannan ya sa hularsa. "To Baba, a huta lafiya." Ko a fuska bai nuna ba, abin da ya fi ƙona wa Injiniya rai ke nan.

Da la'asar sai ga Auta. Ba ta zauna ba, ta tsaya a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Ta rame, idanunta sun faɗa.

"Baba Injiniya, Abba ya ce gobe da safe za mu tudu."

"Da wannan motar? Za ku dawo a ƙafa."

"Likita ya ce duk abin da yake so a yi masa." Ta matse makullin a hannu. "Ka gane ai."

Ya gane. Ya sunkuyar da kai yana neman abin gogewa.

"Ya ce in gaya maka kujerar gaba taka ce."

"Ku ba Mai Gemu. Shi ne na gaban yanzu."

"Wallahi ku biyun nan kun ishe ni," in ji Auta. "Shi kullum sai ya ce in buɗe taga ya ji ko kana buga guduma. In ya ji ka yi tari ya ce, 'Ga shi can, bai sha maganinsa ba.' Kai kuma kana nan kana ƙirga wanda ya shiga da wanda ya fita. Ni dai na isar da saƙo."

Ta juya. Daga cikin ɗaki matar Injiniya ta yi gyaran murya mai tsawo.

Da safe yana bayan ƙyaure tun kafin su fito. Ya ga Mai Gemu da Auta sun tallabo Dogo, sun sa shi a baya sun jera masa matasai. Wannan ƙaton da a da ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai, yanzu riga ta yi masa yawa. Injiniya ya zuba ido ya ga inda Mai Gemu zai zauna. Mutumin ya zagaya, ya wuce ƙofar gaba, ya shiga baya kusa da Dogo. Kujerar gaba ta zauna fayau.

Auta ta tayar, ta ɗan jira. Ta sake jira. Sannan ta ja a hankali, ta wuce ƙofarsa, ta kama hawan layi.

Ƙwas-ƙwas-ƙwas.

Yau ƙarar ba ta yi masa daɗi ba. A haƙoransa ya ji ta. Ya hango su a tsakiyar tudu, hayaƙi na tashi daga bonet, Dogo a baya yana kallon rabin hanyar da ta rage. Bai san lokacin da ya fizgi sifana daga kan benci ba. Ya fita da takalmi ƙafa ɗaya.

"Ke! Tsaya! Tsaya na ce!"

Motar ta tsaya. Ya iso yana haki, ya bugi bonet. "Buɗe. Kada ki kashe."

Ya kwance notin distiributa, abin da ke raba wa fulogai wuta. Hannunsa na rawa, sifanar ta zame sau biyu, ya ji Mai Gemu ya fito ya tsaya a bayansa, bai miƙo hannu ba. Injiniya ya kama kan distiributar ya murɗa baya kaɗan-kaɗan, ya karkatar da kai, ya lumshe ido. "Taka." Auta ta taka. Ya ƙara murɗawa. "Sake." Muryar injin ta sauko, ta yi kauri, ta zauna. Ya ɗaure notin.

"Baba, ai ka bar alamar da nisa," in ji Mai Gemu a hankali.

"Na sani."

Ya rufe bonet, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna, yana kallon gilashi. Sai murya ta fito daga baya, siririya amma da tsiyarta.

"Ina ɗaya takalmin, Injiniya? Ko shi ma fushi yake da ni?"

"Rufe min baki. Ka kai motata wurin wanzami ba ka gaya min ba."

"Motarka? Kai ka saya?"

"Kai ka san ciwonta?"

Auta ta sa giya tana share ido da bayan hannu. Motar ta haye layin shiru, ba tsakuwa ba gwangwani.

Sun bar gidaje, sun wuce gidan mai da wurin masu yankan katako. Da tudun ya bayyana Dogo ya ce a ɗaga shi. Mai Gemu ya tallafe bayansa, Dogo ya ce, "Auta, tun daga nan za ki ba ta wuta a giyar ƙarshe. Kada ki taɓa giyar nan ko me kika ji. Hannu biyu a sitiyari."

Tsohuwa ta kama tudun. Injiniya ya kafa kunne yana jiran ƙwanƙwasa, wani ɓangare na zuciyarsa har yanzu yana so ya ji ta. Ba ta zo ba. A tsakiya motar ta ɗan yi nauyi, hannun Auta ya nufi giya, Dogo ya ce "A'a." Injin ya yi gurnani can ƙasa, ya riƙe, ya ci gaba da ja, ja, har hancin motar ya sunkuya suka ga filin da ke bayan tudun ya buɗe.

Auta ta faka a gefe. Dogo ya jingina, idonsa a rufe, bakinsa a buɗe yana neman iska, yana murmushi.

"Kun ji ta?" ya ce. Ya lalubo gwiwar Mai Gemu ya bubbuga. "Yaron nan ya iya aski. Injiniya, ka yarda ya iya?"

Injiniya ya kalli waje. Shi ya fito da ƙafa ɗaya ba takalmi, shi ya kashe ƙarar, amma gwiwar wani ake bubbugawa. Ga shi kuma gaskiya ce, askin ya yi, shi ne ya ce ba zai yi ba.

"Ba laifi," ya ce.

"Ba laifi! Kun ji shi. A bakinsa wannan lambar yabo ce, ɗana, ka riƙe ta da kyau."

Daga ranar Injiniya ya koma kujerarsa mai ɗaurin waya. Kofin mai tsage ya dawo hannunsa. Mai Gemu bai daina zuwa ba, sai dai yanzu a bakin gado yake zama, Injiniya kuma na lura da wanda Dogo ya fi kallo in yana magana. Labaran suka gajarce. Daga baya Dogo ya daina ba da su, sai Injiniya ke bayarwa, shi yana gyara masa da yatsa in ya rage gishiri.

Ranar da abin ya faru, Dogo ne da kansa ya aike shi. Ya ce ya ji bel ɗin fanka na kuka da Auta ta tayar da mota, a samo sabo, kuma kada a aiki kowa sai Injiniya don shi ya san lambar. Ya tafi kasuwar kayan mota, ya zaga shago uku kafin ya samu. Da ya shigo layi da bel ɗin rataye a wuyan hannu ya ga takalma a ƙofar gidan Dogo, ya ga tasa matar tsaye ta rufe baki da mayafi.

Mai Gemu ne ya fito ya tare shi. Idonsa ja.

"Kana wurin?" in ji Injiniya.

"Ina wurin, Baba."

Ko a wannan lokacin sai da abin ya soke shi. Shekarun nan duka, katanga ɗaya, amma wanda ya zo bara shi ya riƙe hannun.

"Me ya ce?"

"Bai ce wani abu mai yawa ba. Ya tambaya ko ka dawo. Na ce kana hanya. Ya ce to a bar taga a buɗe, zai ji takunka."

Injiniya ya tsaya da bel a hannu. Ya rasa inda zai ajiye shi.

Bayan an kai shi an dawo, bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, layin ya koma yadda yake. Auta ta ce za ta riƙe motar, da ita za ta riƙa zuwa aiki. Ta ce in wani abu ya taso za ta riƙa kawo masa. Ya ce to. Ya dubi hannayensa.

Wata safiya ya karɓi makullin. Ya ɗage bonet ya sa sabon bel ɗin, ya daɗe yana yi. Sannan ya cire fulogi na farko, ya juya injin da hannu a hankali har fistin ya hau can sama ya tsaya. Ya goge gefen fulin da tsumma. Ya koma gida ya ɗauko ragowar farin fenti a gwangwani da tsinken ashana.

Daga ƙarshen layi ana jin Mai Gemu na jan ƙofar garejinsa. Injiniya bai kira shi ba. Ya tsoma tsinken, ya dafe wuyan hannunsa da ɗaya hannun don kada ya yi rawa, ya ɗiga fari ɗaya a inda alamar gaskiya take, ɗan nesa da tsohuwar tsagar. Ya tsaya riƙe da bonet, tagar ɗakin Dogo a buɗe a bayansa, yana jiran fentin ya bushe.